Hanyar Gicciye: Asalinta da Yadda Ta Iso Zariya

Unguwar Kongo tana Tudun Wadan Zariya, bayan ganuwar birni. A cikin 1947 aka buɗe makarantar koyon aikin akawu a can, don horad da ma'aikatan En'e. A 1954 aka ɗaukaka ta ta zama makarantar koyon sha'anin mulki, sa'an nan a 1962 aka shigad da ita cikin Jami'ar Ahmadu Bello. Tun daga wannan zamani unguwar ta zama matattarar baƙi. Ga Bakano, ga Babarbare, ga Banufe, ga mutumin Jos da na Binuwai da na Kudu, kowa ya zo da harshensa da addininsa, an raba ɗaki ɗaya da rijiya ɗaya. Saboda haka babu irin ibadar da mutumin Kongo bai taɓa gani da idonsa ba, ko da bai san ma'anarta ba.

Cikin ibadun Kirista akwai wata wadda ba a zaune a ke yinta ba, tafe a ke yi. 'Yan Katolika, waɗanda Hausawa kan ce wa 'yan Roman, su ne suka fi riƙe ta, sunanta kuwa Hanyar Gicciye. Mutane su kan jeru, su yi 'yar tafiya, su tsaya, su durƙusa, su yi addu'a, su tashi su ƙara gaba, har sau 14. Wanda bai sani ba sai ya zaci zagaye ne kawai. Alhali kuwa tafiya ce ta zuwa birnin Ƙudus, wadda dā ta kan ci watanni da dukiya da rayuka, aka yi ta taƙaita ta a hankali, shekara fiye da 1,000, har ta shiga tsakanin bango huɗu, domin matalauci da tsoho da wanda bai iya karatu ba su ma su samu rabonsu.

Kafin a shiga labarin ya kamata mai karatu ya san abu guda. Wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, alaihissalam, shi Kirista ke kira Yesu Almasihu. Kirista sun riƙe cewa an kama shi a Ƙudus, wadda su ke kira Urushalima, aka yanke masa hukunci, aka gicciye shi ran Jumma'a, ya tashi ran Lahadi. Musulmi kuwa sun riƙe abin da ke cikin Suratun Nisa'i, aya ta 157, cewa ba a kashe shi ba, ba a kuma gicciye shi ba. Wannan saɓani ne dadadde, kowane ɓangare ya san matsayinsa. Abin da za a bayyana a nan tarihin ibadar ne bisa ga yadda masu yinta suka ɗauke ta.

Yadda a ke yinta

Kirista suna da azumi na kwana 40 kafin idinsu na Ista. Ya kan fara ran wata Laraba da su ke kira Larabar Toka, ba a kuwa lissafa ranakun Lahadi a ciki. A ƙasar nan ya kan faɗo tsakanin watan Fabrairu da Afrilu, watau daga ƙarshen hunturu zuwa tsakiyar bazara. Kowace Jumma'a ta cikin azumin nan, galibi da yamma bayan an tashi daga aiki, sai a taru a majami'a. A jikin bangon kowace majami'ar Katolika akwai 'yan gicciye 14 a kafe, bakwai a wannan gefe, bakwai a wancan, ƙarƙashin kowanne da sura ko sassaƙa. Kalmar da a ke kiransu da ita cikin Latin ma'anarta wurin tsayawa, daidai da abin da fatake ke kira zango.

A zango na 1 gwamnan Rumawa, Bilatus, ya yanke wa Yesu hukuncin kisa. A na 2 aka aza masa gicciye. A na 3 ya faɗi faɗuwar fari. A na 4 ya gamu da uwarsa Maryamu. A na 5 aka tilasta wa Saminu Bakurane ya taya shi ɗauka. A na 6 wata mace, Beronika, ta share masa fuska. A na 7 ya sāke faɗuwa. A na 8 ya yi magana da matan birnin da ke kuka. A na 9 ya faɗi faɗuwa ta uku. A na 10 aka tuɓe masa riguna. A na 11 aka kafa shi da ƙusoshi. A na 12 ya mutu. A na 13 aka sauko da shi. A na 14 aka sa shi cikin kabari. Shi Saminun nan mutumin Afirka ne, don garinsu Kurane yana cikin ƙasar da yanzu a ke kira Libiya.

Fada, ko wani malamin majami'a, shi ke jan gaba, yaro ɗaya na riƙe da gicciye, biyu na riƙe da kyandir. A kowane zango sai a ambaci abin da ya faru, jama'a su durƙusa, a karanta 'yan kalmomi na tunani, a yi addu'a, sa'an nan a tashi ana rera baiti guda na waƙa har a kai zango na gaba. Duka ba ya wuce rabin sa'a ko sa'a guda. Amma ran Jumma'ar ƙarshe, wadda ta ke ranar hutu ce a Nijeriya, a garuruwa da yawa a kan fito fili ko kan titi cikin zafin rana, samari su kwaikwayi labarin, wani ya ɗauki gungumen itace a kafaɗa, wasu su yi shigar sojan Rum.

Mafarinta a Ƙudus

Shekara kusan 300 na farko Kirista ba su da ikon yin ibada a sarari cikin daular Rum. Sai a 313 Sarki Kustantin ya ba su 'yanci. Wajen 326 uwarsa Hilana ta ziyarci Ƙudus, aka gina babbar majami'a a wurin da aka ce nan ne kabarin, aka buɗe ta a 335. Daga nan masu ziyara suka fara kwarara.

Cikinsu akwai wata mace mai suna Egeriya, daga yammacin Turai, wadda ta zauna can wajen 381 zuwa 384, ta rubuta wa 'yan'uwanta mata duk abin da ta gani. Rubutun nan ya ɓace shekaru aru-aru, sai a 1884 aka tsinci wani sashe nasa a garin Arezzo na Italiya. Ta ba da labari cewa daren Alhamis kafin Ista jama'ar birnin kan kwana bisa Dutsen Zaitun suna karatu da waƙa. Da carar zakara sai su gangaro a hankali, don azumi da rashin barci sun gajiyad da su, ana haska musu hanya da kyandir fiye da 200. In sun iso lambun da aka kama Yesu sai a tsaya a karanta labarin kamun, mutane su ɓarke da kuka. Su kan iso ƙofar gari daidai lokacin da mutum ke iya shaida fuskar ɗan'uwansa, su ratsa birni har wurin gicciyen. To, ga tafiya, ga tsayawa, ga karatu, ga addu'a. Iri ke nan an shuka, amma babu zango 14 tukuna, hanyar kuma daban ta ke da ta yau.

Wajen 638 birnin ya shiga hannun Musulmi a zamanin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi. Masu tarihi sun ruwaito cewa lokacin salla ya riske shi cikin majami'ar, limaminta ya ce ya yi salla a nan, ya ƙi, ya fita waje, don kada na baya su ce wurin ya zama masallaci. Ziyara ta ci gaba, wani zamani da sauƙi, wani zamani da wuya. A 1009 sarkin Masar Alhakim ya sa aka rushe majami'ar, daga baya aka sāke gina ta. A 1099 rundunar Turawa ta ci birnin da yaƙi, aka zubad da jini mai yawa. A 1187 Salahuddin ya karɓe shi, a 1291 kuma garin Akka, wanda shi ne babban abin da ya rage a hannun Turawa, ya faɗi.

Cikin tsakiyar yaƙe-yaƙen nan, a 1219, wani mai gudun duniya daga garin Asisi na Italiya, sunansa Faransis, ya ƙetare fagen fama a Dimyaɗ ta ƙasar Masar ba makami, ya gana da Sarki Alkamil. Sarki ya karɓe shi da mutunci, ya sallame shi lafiya. Almajiransa, watau 'yan ɗariƙar Faransis, su ne daga baya sarakunan Masar suka yarje wa zama a Ƙudus, a 1342 kuma Paparoma Kilemen na 6 ya danƙa musu tsaron wuraren ziyara. Tun daga ran nan su ke yi wa baƙi jagora, suna nuna musu nan ne gidan Bilatus, nan ne aka gamu da Saminu.

Wani Bature na Ingila, William Wey, ya je ziyara a 1458 da 1462, shi ne kuma aka sani da fara kiran wuraren nan da sunan zango a rubuce. Ya lissafa 14, amma 5 kaɗai suka dace da na yanzu. A zamaninsa ma da baya a ke bin hanyar, a tashi daga kabari a ƙare a gidan Bilatus. Bayan Turkawa sun karɓi birnin a 1517, wani mai ziyara, Zuallardo, ya rubuta a littafinsa na 1587 cewa ba a yarda baƙo ya tsaya a titi ko ya cire hula don girmama wurin ba. Sai dai mutum ya wuce yana addu'a cikin zuciya. Saboda haka ibadar ba ta samu sararin girma a mahaifarta ba, a wata ƙasa ta yi girma.

Yadda aka kai Ƙudus gida

Dattawan ƙasar Hausa sun san wahalar hajjin ƙasa, yadda mutum kan bi ta Barno da Wadai da Darfur, ya yi shekaru a hanya yana noma yana ƙara gaba, wani ya komo, wani sai labari. Haka ziyarar Ƙudus ta ke ga Turawan dā. Sai mutum ya kai Benis, ya shiga jirgin ruwa wata guda ko fiye, ga 'yan fashin teku, ga annoba, ga kuɗin fito da na jagora. Mai zuwa kan rubuta wasiyya kafin ya tashi. Manomi da mace mai goyo da tsoho ba su ko sa rai.

Sai waɗanda suka je suka komo suka yi dabara. Wani malami na Andalus, Albaro, bayan ya komo ya gina 'yan ɗakunan ibada a kan duwatsun da ke kusa da Ƙurɗuba wajen 1423, kowane ɗaki yana tuna wani wuri na Ƙudus. A garin Lubek na Jamus wani attajiri ya bar dukiya aka shata hanya daga wata majami'a zuwa wani tudu a bayan gari, tsawonta mil guda da 'yan kai, aka gama a 1493, tudun kuwa har yau Dutsen Urushalima a ke ce masa. A Nuremba wani gwanin sassaƙa, Adam Kraft, ya sassaƙa zango 7 a dutse. Ana ba da labari cewa mutumin da ya kawo awon hanyar ya ƙidaya takunsa a Ƙudus, da ya iso gida ya tarar takardar ta ɓace, sai ya sāke komawa takanas don ya sāke ƙidayawa. Ko labarin ya tabbata ko bai tabbata ba, ya nuna yadda mutanen zamanin suka ɗauki abin: so su ke ƙafarsu ta yi taku daidai da wanda aka yi a can.

Akwai kuma wata irin tafiyar addu'a da ta girmi waɗannan, ita ce ta bin zane mai lauje-lauje da a kan shimfiɗa a daɓen majami'a. Hanya ɗaya ce tak, tana nannaɗewa kamar gammo har ta kai tsakiya, ba mai ɓacewa a ciki. Mafi tsufa da aka sani a majami'a a Afirka aka yi shi, a garin Shalif na Aljeriya, wajen 324. Wanda ya fi suna yana Shartar ta Faransa, an yi shi a farkon ƙarni na 13, faɗinsa wajen ƙafa 42, amma mai bin lauje-laujensa sai ya yi tafiyar yadi 280 da wani abu. Daga baya Faransawa suka riƙa kiran irinsa hanyar Urushalima. Wannan bai bazu kamar Hanyar Gicciye ba, amma buƙatar da ta haife su ɗaya ce.

A zamanin nan kowane gari da adadinsa. A Jamus galibi 7 ne, wani wuri 12, wani wuri fiye da 30. Abin da ya daidaita su shi ne littafi. Wajen 1450 aka ƙago na'urar ɗab'i a Jamus, littattafai suka yi araha. A 1563 aka buga littafin wani malami, Jan Pascha, a garin Luben na Beljiyam, wanda ya tsara wa mai karatu ziyarar Ƙudus cikin zuci, kwana 365, kowace rana da zangonta da addu'arta, mutum na zaune a ɗakinsa. A 1584 wani limami ɗan Holan, Adrichomius, ya buga littafi mai taswirar birnin, ya jera zango 12, su ne kuwa 12 na farko da a ke bi yau, a jere kamar yadda ya jera su. Abin mamaki, mutumin nan bai taɓa taka Ƙudus ba, daga littattafan waɗansu ya tattara. Aka juya littafinsa cikin harsuna da yawa. Masu ziyara suka riƙa zuwa Ƙudus da abin da suka karanta a ka, suna neman a nuna musu wurin faɗuwa ta biyu da ta uku, har masu jagora suka gyara hanyarsu ta dace da littafi. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a nan abin da aka karanta ne ya rinjayi abin da aka gani. Wanda ya koyi karatu ya dubi ƙarfin da ke cikin takarda, ya kuma riƙa tambaya ko marubucin ya ga abin da ya rubuta.

Sauran aikin shugabannin Katolika ne suka ƙarasa. A 1686 Paparoma Innosen na 11 ya yarda 'yan ɗariƙar Faransis su kafa zangunan cikin majami'unsu, ya ce duk wanda ya bi su daga cikin 'yan ɗariƙar da masu alaƙa da ita yana da irin ladan wanda ya je Ƙudus, watau sassaucin horon zunubi bisa ga koyarwarsu. A 1731 Kilemen na 12 ya tsai da adadin a kan 14, ya buɗe ƙofa ga sauran majami'u. Wani mai wa'azi na ɗariƙar, Liyonad na Porto Maurizio, ya yi shekara fiye da 40 yana yawon wa'azi a Italiya, ya kafa zangunan a wurare fiye da 570. Mafi shahara shi ne wanda ya kafa ran 27 ga Disamba 1750 cikin Kolosiyam, tsohon dandalin birnin Rum inda dā a ke haɗa mutane faɗa da namun daji. Yawancin masu sauraronsa ba su san baƙi ba, surorin nan su ne littafinsu, ƙafafunsu ke buɗe musu shafi bayan shafi. A 1773 kuma aka yi rangwame ga majiyyata da fursunoni da matuƙan jirgin ruwa, cewa in sun riƙe ɗan gicciyen da aka sa wa albarka suka yi addu'o'in, ya wadatar. Tafiyar da ta faro da watanni ta koma mil guda, ta koma zagayen ɗaki, ta ƙare a tafin hannun mara lafiya.

Ba dukan Kirista suka karɓe ta ba. A 1517 Martin Luther ya tashi a Jamus yana sukar sha'anin sassaucin zunubi, mabiyansa da sauran waɗanda suka rabu da Paparoma suka bar yawancin ibadun da ba su samu a rubuce cikin Linjila ba. Cikin zangunan nan kuwa akwai 5 da Linjila ba ta ambata ba: faɗuwa uku, da gamuwa da Maryamu a hanya, da labarin Beronika. Waɗannan daga ruwayar baka suka zo. Don haka a 1991 Paparoma Yohana Bulus na 2 ya fito da wani jeri na 14 wanda dukansa daga Linjila ya ke, ba tare da ya soke na dā ba.

Zuwanta ƙasar Hausa

'Yan ɗariƙar Faransis sun taɓa takowa ƙasar Hausa tun kafin jihadin Shehu Usmanu. A 1710 biyu daga cikinsu, Carlo na Jenowa da Severino na Silesiya, suka taso daga Tarabulus, suka bi ayari ta Murzuk da Agadas, don sun ji labarin wai akwai masu alamar gicciye a ƙasar Kwararrafa. Ba su kai ba. Ciwo ya kama su a Katsina, suka rasu can a 1711, shekara 20 kafin a tsai da adadin zangunan. Ba su bar majami'a ko mabiya ba.

Kiristan da suka fara zama a Zazzau 'yan mishan ne na Ingila. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Miller da abokansu suka isa Kano, Sarki Alu ya ce su fita, suka komo Girku. A 1905 Miller ya zauna cikin birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi. A 1929 mishan ta tabbata a Wusasa, inda aka gina majami'ar Batalomi da ƙasa, ginin magina Hausawa, a 1932 kuma aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Su waɗannan ƙarfinsu ga karatu da wa'azi da waƙa ya ke, Hanyar Gicciye ba ta cikin abin da suka kawo. Shi ya sa har yau mutum zai ga maƙwabta biyu Kirista, ɗaya ya tafi ran Jumma'ar azumi, ɗaya bai taɓa yi ba.

Ta hannun limaman Katolika na ƙungiyar mishan ta Afirka ibadar ta shigo. Sun sauka Lakwaja a 1884, suka kafa Shendam a 1907. Da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Zariya ta kai Kano a 1911, sai ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu suka cika Sabon Gari, da yawansu 'yan Katolika ne, limamai suka biyo su. Daga baya mutanen kudancin lardin Zazzau da waɗansu Maguzawa suka shiga, aka riƙa yin addu'o'in da Hausa. Kaduna ta samu bishop a 1953, ta zama babbar cibiya a 1959, Paparoma Yohana Bulus na 2 ya ziyarce ta cikin Fabrairu 1982. A Disamba 2000 aka yanke wa Zariya nata yanki, babbar majami'arta kuwa ita ce ta Almasihu Sarki da ke Sabon Gari. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kula da ziyarar Kirista, mutane na zuwa Ƙudus cikin jirgin sama. Duk da haka kuɗin ya fi ƙarfin yawancin jama'a, don haka ɗalibin Kongo da lebura da mai sayad da kayan miya har yanzu a bangon majami'a su ke yin tasu ziyarar, kamar manomin Jamus na shekara 500 da suka wuce.

A can Ƙudus hanyar tana nan, tsawonta wajen yadi 650. Zango 9 suna kan titi, 5 suna cikin majami'ar kabari. Masu binciken kufai da yawa suna ganin ba nan ce ainihin hanyar ba, don Rumawa sun rushe birnin a shekara ta 70, Sarki Hadiriyan ya sāke shata titunansa wajen 135, kuma sun fi zaton a fadar Hirudus da ke yammacin gari Bilatus ya yi shari'ar. Masu ibada ba su damu da wannan ba ainun, don su tunawa su ke nema. Abin lura shi ne zango na 1 yana cikin farfajiyar wata makarantar yaran Musulmi, Umariyya, hanyar kuma ta ratsa unguwar Musulmi da kasuwarsu. Bisa al'ada kowace Jumma'a da la'asar 'yan ɗariƙar Faransis kan bi ta, masu kanti na cinikinsu. Mabuɗin majami'ar kabari kuwa yana hannun gidaje biyu na Musulmi, gidan Juda ke ajiye shi, gidan Nusaiba ke buɗe ƙofa, an ce tun zamanin Salahuddin, domin ɗariƙun Kirista da ke raba majami'ar sun fi amincewa da amanar wanda ba ya cikinsu.

Zariya ta ɗanɗana abin da rashin irin wannan amana ke jawowa. Cikin Maris 1987, a farkon azumin Kirista, rikici ya tashi tsakanin ɗalibai a kwalejin horon malamai ta Kafancan, aka ƙone masallatai a can. Cikin 'yan kwanaki wutar ta iso Zariya da Kaduna da Funtuwa, aka ƙone majami'u masu yawa, aka yi hasarar rayuka da dukiya. Galibin waɗanda suka ɗauki ashana, ta kowane ɓangare, ba su taɓa tambayar abin da a ke yi cikin ɗakin da suka cinna wa wuta ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ba a ce kowa ya yarda da abin da maƙwabcinsa ya yarda da shi ba. Amma wanda ya san tarihin nan, in ya gamu da jerin mutane ran Jumma'ar bazara, wani na gaba da itace a kafaɗa, ana tafiya ana durƙusawa, ya san abin da ya gani: matafiya ne da ba su da guzurin zuwa Ƙudus, suna bin zangunansu 14 a gida. Haƙƙinsu a kansa shi ne na kowane matafiyi, a ba shi hanya. Haƙƙinsa a kansu kuma shi ne su lura da lokacin sallar Jumma'a da ƙofar masallaci, su shirya fitarsu da sanin masu unguwa, yadda kowa zai gama ibadarsa ya koma gida lafiya.